Ɗigon da Ya Kwana a Doguwa

Ƙofa,
ranar Asabar.

Yaya Ummi,

Ina son Yaya Sagir.

Na sa shi a farko ne don na san halina. In na fara da gaisuwa zan cika takardar da lafiyar awaki in ninke, abin ya koma cikina. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna, ko Zubaida da muke benci ɗaya a aji.

To, assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya baƙunta a Doguwa? Mu nan ƙalau muke. Baba ya gama sharar gona yana jiran ruwa, gwiwar Inna ta yi sauƙi. Gwaggo Laraba ma lafiyarta lau, sai zullumin ɗanta, Yaya Sagir.

Zullumin nan ne ya jefa ni a ciki. Tun da aka ɗauke ku aikin taswira, ke da shi, hankalin Gwaggo bai kwanta ba, saboda hanyar dajin Falgore. Ranar da zai tafi ya zaunar da ita a tabarma ya haɗa wayarta da tasa, yadda duk inda yake za a ga wani ɗan ɗigo shuɗi a kan taswira. Ya ce, “Umma, wannan ni ne.” Gwaggo ta juya wayar sama da ƙasa ta ce ita ba ta ga mutum ba, ƙwayar wake ta gani. Shi ne ya leƙo ta katangarmu ya ce, “Mai-littafi, zo ki yi wani amfani ban da kuka a kan mutanen da ba a haifa ba.” Ya nuna min yadda ake ware yatsu biyu a kan gilashi gari ya matso kusa. Yatsansa ya taɓa nawa. Shi bai ma sani ba, ni kuwa ranar tuwon da na tuƙa ko kaji sun yi ƙorafi.

Yanzu kullum in na dawo daga makaranta sai ta aiko: “Zo ki dubo min yaron nan.” Kin san ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma iya kiransa ta tambaye shi ina yake. Ni ce idonta. In zauna gefenta in ce, “Ya fita gari, ya hau dutse, ya tsaya bakin wani rafi.” Ita ta ce Allah ya tsare, ni in ce amin a fili in ƙara wasu addu'o'in a ɓoye.

A ajinmu akwai taswirar jiha a bango, wadda gara ta cinye gefenta. Doguwa na can ƙasa kamar wutsiya, Ƙofa kuwa ko ɗigo ba a yi mata ba. Na daɗe ina kallonta ban taɓa jin komai ba. Wannan ta wayar kuwa, Yaya Ummi, numfashi take yi. In ɗigon ya motsa sai in ji kamar a ƙirjina yake tafiya. A littattafan da nake arowa budurwa kan tsaya jikin taga tana kallon wata tana tunanin inda masoyinta yake. Ni ba na tunani, ina ganinsa. Ban san wadda ta fi shan wahala a cikinmu ba.

Na san wasa yake min, wasan taubasai, kamar yadda yake yi miki. Amma ke ba ya leƙo katanga ya kira ki. Ko kuwa don katangarku tana Tudun Wada ne?

Kar ki ce me ya sa ban kira ki ba. Baba ya ce babu ni babu waya sai na gama sakandare, ita kuma Gwaggo ba ta amsa kira sai ta buɗe murya unguwa ta ji. Kawu Lado zai kawo miki wannan in ya zo ɗaukar masara, ba ruwansa da abin da ke cikin takarda.

Ki duba min shi. Yana cin abinci? Ya taɓa ambatona, ko da tsokana ce? 'Yan matan can suna kallonsa? Kuma ki rantse min ba za ki gaya wa kowa ba, ko shi, ko babanki Baffa Ɗahiru, ko bangon ɗakinki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Khairiyya.

*

Doguwa,
ranar Laraba.

Khairiyya 'yar soyayya,

Wa alaikis salam. Lafiyata ƙalau, sai mura da sanyin safiyar garin nan ya sa min. Ki gaishe da babanki Baffa Ubale da Inna da Gwaggo.

Na karanta layin farko na zauna a bakin gado na yi dariya har Malama Halima, mai gidan da na sauka, ta leƙo ta ce lafiya? Ba dariyar raini ba ce. Yarinyar da ko a gidan biki bayan ƙofa take ɓuya, ashe wuta take dafawa. Na rantse miki, wallahi ba mai ji daga bakina.

Yana cin abinci, har da na wasu. Ya ambace ki sau ɗaya: mun ga wata yarinya tana kiwon tumaki da littafi a hannu, ya ce ga 'yar'uwar Mai-littafi. 'Yan mata kuwa ba su da lokacinsa, in ya sauko daga duwatsu kamar an tono shi yake.

Aikin ba abin da kike zato ba ne. Na'ura ce ke duba hoton da aka ɗauko daga sama ta zana rufin gidaje, amma ba ta bambance bukka da rumbu, ba ta kuma san sunan ko'ina ba. Sai samari su hau babur su bi ruga-ruga, wayar tana zana hanyar da suka bi, su tambayi suna da rijiya da inda rafi ke yankewa in ruwa ya sauka. Duk don masu raba wa yara maganin zazzaɓi su iske kowa da damina. Ni aikina in tace abin da suka kawo in tura. Wani Ardo ya tsare Sagir ya ce, “In kun sa mu a ciki, mai magani kaɗai zai gan mu, ko har da mai haraji?” Sai da ya sha nono ƙwarya guda kafin ya samu sunan rugar.

Ki nemo ni a wayar Gwaggo. Ni da hannuna na sa gidan a taswira: bayan makarantar firamare, rufin kwano shuɗi, mangwaro biyu a tsakar gida. In kin matso da shi za ki ga an rubuta Gidan Malama Halima.

Shi kam Sagir, ban san haka yake ba sai da aiki ya haɗa mu. Yana da haƙuri, ba ya ɗaga wa kowa murya. Duk wadda ta same shi ta huta. Ke dai ki gama makaranta, ki kuma rage littattafan nan.

Yayarki,
Ummulkhairi.

*

Ƙofa,
ranar Litinin.

Yaya Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara sauƙin mura. An yi ruwan shuka, su Baba suna gona. Kowa lafiya.

Na ga gidanku. Na ga rufin shuɗi da mangwaron biyu kamar kawunan mutane suna raɗa. Da farko murna na yi, har na nuna wa Gwaggo na ce ga ɗakin Yaya Ummi. Da ma ban neme shi ba.

Don tun kafin ki gaya min na san wurin nan. Kullum bayan la'asar ɗigon yakan sauko daga duwatsu, ya ratsa gari, ya zo daidai nan ya tsaya. Ba ya tashi sai wajen magariba. Ina cewa Gwaggo “yana cikin gari,” ina zaton ofishinku ne. Ashe ƙofar gidanku ce.

Kin san sunan da ake ba tsayuwar saurayi a ƙofar gidan budurwa tsakanin la'asar da magariba. Ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Na sake karanta takardarki har ta fara yagewa a ninki. Kin ba ni labarin Ardo, kin ba ni labarin rumbu, amma ba ki ce kullum yana wurinki ba. Me ya sa? Kuma kin ce “duk wadda ta same shi.” Ba ki ce “in kin same shi” ba. Ni na buɗe miki cikina, ke kika ce duk wadda. Kin ce in gama makaranta. Ke ai kin gama taki, ko? Kin iya tace taswira, kin iya magana da maza ba tare da muryarki ta maƙale ba, kina da hanci irin na Mamarku. Ni abin da na iya shi ne ware yatsu biyu.

Jiya Gwaggo ta ce, “Kullum cikin gari, cikin gari. Garin ba shi da unguwa ne?” Sai na gaya mata. Ta ajiye tsintar shinkafar da take yi ta ce, “Ummin Ɗahiru? Kullum?” Na ce kullum. Ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ta ce yaron da ko gaisuwar sallah sai ta kora shi gidan kawunsa, ashe hanya ce bai sani ba, yanzu waya ta nuna masa. Ta shiga ɗaki ta ɗebo min dabino, wai tukwicin albishir.

Na karɓa da hannu biyu na ce na gode. Suna nan ƙarƙashin katifa tare da littattafaina, na kasa ci.

Ki gaya min gaskiya, ko da za ta kashe ni. Me kuke cewa a ƙarƙashin mangwaron nan?

Khairiyya.

*

Ƙofa,
ranar Jumma'a.

Yaya Ummi,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in dai lafiyar jiki ce.

Ba ki amsa ba. Kawu Lado ya ce motarsa tana wajen makaniki a Kwanar Dangora, takardata tana aljihun gaba. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma kin karanta kin rasa abin cewa.

Shekaranjiya aka kwana ana ruwa. Da asuba, ko karyawa ban yi ba, Gwaggo ta aiko, wai ta yi mafarki da rafi. Na buɗe wayar. Ɗigon yana kan rufin shuɗi, inda na bar shi da magariba. Na rufe na sake buɗewa, yana nan. A ƙasa wayar ta rubuta cewa yanzun nan ta gan shi.

Ina iya cewa babu sabis. Na sha gaya mata haka in ya shiga bayan dutse ɗigon ya maƙale, kuma ba ta taɓa musa min ba. Kalmar tana kan harshena. Amma sai na ga mangwaron nan biyu, na ce, “Gwaggo, a gidan su Yaya Ummi ya kwana.”

Ta ce in sake dubawa. Na ce na duba. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in kira mata lambarsa. Ta buɗe murya kamar kullum. Ya yi ƙara, aka ɗaga, kika ce, “Gwaggo, ina kwana? Ba ya kusa,” da muryar wadda ta tashi daga barci. Gwaggo ta fizge wayar ta kashe, ta zauna tana kallon ƙasa.

Muryarki ce, Yaya Ummi. Ba a littafi na karanta ba.

Ta yafa mayafi ta shiga zauren Baba. Ina bayan ƙofa da buta na ji tana cewa 'ya'yan nan duka namu ne, gara a haɗa su tun ba a ji a waje ba. Baba ya ce a tambayi yaron. Ta ce ita ba za ta iya haɗa ido da shi a kan irin wannan magana ba, kuma bai kamata kowa ya yi masa ita ba. Yau da hantsi ta sayi goro ta hau mota zuwa Tudun Wada wajen Baffa Ɗahiru.

Ban yi ƙarya ba. Abin da na gani na faɗa. To amma me ya sa tun da ta tafi nake jin kamar ni na ɗauko goron na kai da kaina? Na so a tsawata muku ne, na so a dawo da shi gida. Ban san aure za a yi ba.

Kin rantse min. Ina ce miki ki duba min shi, ashe ajiya na ba wa mai so.

Khairiyya.

*

Tudun Wada,
ranar Talata.

Khairiyya,

Ina gida, Baba ya aika an ɗauko ni. Jikina lafiya. Takardunki biyu tare suka iso jiya, na karanta su a jere, sai a lokacin na gane abin da ya faɗo min a ka.

Saurara da kyau. Ɗakin da samarin suka kama kusa da tasha ba shi da wuta. Malama Halima ce mai sola. Kullum bayan la'asar su ukun sukan kawo min wayoyinsu, in jona su a caji, in tace aikin ranar in tura, su kuma su zauna a benci a waje suna shan rake da musun ƙwallo har in gama. Abin da ake cewa a ƙarƙashin mangwaro ke nan. Ranar ruwan nan aikin ya ƙi tafiya, sai suka bar min wayoyin suka ruga ɗakinsu kafin rafi ya cika. Wayoyi uku suka kwana a kan tabarmata. Da na ga sunan Gwaggo da asuba na ɗaga don kar hankalinta ya tashi. Ban ƙarasa magana ba aka kashe, na kira ba a ɗaga ba.

Ɗigon nan waya ce, Khairiyya. Waya. Ni da nake wannan aiki kullum ina gaya wa samari kar su rubuta abin da ba su taka da ƙafarsu ba, ban san a gidanmu za a yi min ba.

Mama kuwa, in na wuce sai ta bi ni da ido tun daga kai har ƙafa. Kin san irin kallon? Ba ki sani ba. Allah ya sa kar ki sani. Na yi mata bayani ta ce to, irin “to” ɗin da ba ya shiga ciki. Baba ya ce ba zan koma Doguwa ba sai an gama magana. Akwai rugagen da ban tura ba har yanzu.

Kin tambaye ni gaskiya, ga ta. Baba ya kira ni ɗakinsa, Gwaggo tana zaune, goro a tsakani. Ba wanda ya ambaci daren. Ya ce gwaggonki ta zo nema wa ɗanta, me kika ce? Na sunkuyar da kai na yi shiru. Kin san yadda ake fassara shirun budurwa. Gwaggo ta yi guɗa a hankali, Baba ya ce alhamdu lillahi.

Me ya sa ban yi magana ba? Da na buɗe baki sunanki ne zai fito, kuma na rantse miki. Wannan rabin dalilin ne. Ɗaya rabin ban san shi ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce babu shi ba. Kafin takardarki ta farko ban taɓa kallonsa ba. Ke kika ce in duba miki shi.

Baffa Ubale ya kira Sagir a waya ya sanar da shi. An ce cewa ya yi duk abin da manya suka yanke. Bai san dalilin gaggawar ba, bai san da ke ba. Jumma'a ta sama za a kawo kayan gaisuwa.

Abu biyu. Na farko dole ne: ki je ki wanke ni wajen Gwaggo, da bakin da kika faɗa. Na biyu naki ne. Ba zan karya rantsuwa ba, ba kuma zan tsaya gaban Baba in ce a'a ba dalili. In kina da magana, ba ni za ki rubuta wa ba.

Har yanzu yayarki ce, ko da yake yau ba na son ganinki.

Ummulkhairi.

*

Ƙofa,
ranar Lahadi.

Yaya Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Baffa. Kowa lafiya a nan.

Na je. Na tarar da Gwaggo tana ɗaure kayan gaisuwa a sabon zane. Na durƙusa na ce mata wayoyi uku ne suka kwana a caji, shi yana ɗakin samari, ni ce na yi saurin baki. Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala har da hawaye, ta ce dama jikinta bai ba ta ba, jinin Ɗahiru ba ya haka. Nan take ta sa na kira mata Mama, ta buɗe murya ta wanke ki tas, maƙwabta ma sun shaida. Ki yafe min wannan. Na san neman yafiya a takarda ba ya goge kallon da aka yi miki.

Sai na yi ƙarfin hali na ce, “To Gwaggo, tun da ba abin da ya faru, ai ba sai an yi gaggawa ba.” Ta ce, “Wace gaggawa? Goro ya shiga hannu, yarinya ta yi shiru, yaron nan bai ce a'a ba. Allah ne ya bi ta waya ya haɗa zumunci.” Ta dube ni ta ce me ya kumbura min ido. Na ce hayaƙi. Ta ce in riƙe mata bakin zanen ta ƙulle. Na riƙe.

Ɗaya rabin nan naki ya hana ni sukuni. Na gwammace ki zage ni cike da takarda da ki rubuta shi. Ina ta auna shi: rabin nawa ne ya fi girma ko wancan? Ranar da ya ce ga 'yar'uwar Mai-littafi, ke kika yi dariya, ke kika ga fuskarsa, ni labari na samu. Ko tunawar da ya yi da ni a gabanki ya yi ta. Ina jin haushinki, ina kuma jin kunyarki, ban san yadda mutum ɗaya ke ɗaukar duka biyun ba.

A littafi, in abu ya kai nan, budurwa kan kwanta ciwo, likita ya ce damuwa ce, saurayi ya ji ya rugo. Na gwada. Na kwanta yini guda na ƙi cin abinci. Inna ta dama min kunun tsamiya ta ce in na gama shagwaɓa akwai wanke-wanke.

An kira Yaya Sagir gida yau don maganar Jumma'a. Gwaggo ta sa na duba. Ɗigon ya baro Doguwa, ya ratsa daji, ya wuce Tudun Wada bai tsaya ba, kuma Allah ya yafe min, na ji daɗin haka. Da ya iso Kwanar Dangora ta ce, “Ya kusa?” Na ce, “Wayarsa ta kusa.” Na miƙa mata abarta na ce daga yau ta nemi wani mai dubawa. Ta ce yaran zamani ba a gane musu.

Kin ce in ina da magana ba ke zan rubuta wa ba. Na ɗauko sabuwar takarda na rubuta sunansa a sama, na zauna ina kallonta har tawada ta bushe a bakin biro. Ke kaɗai na iya yi wa magana. To ga abin da zan yi. Gobe zai koma ta Tudun Wada, shi zai kawo miki wannan. Ba zan sa ta a ambulan ba, ba zan liƙe ba. Zan ce masa, “Ka kai wa Yaya Ummi, amma ka fara karantawa.” Na sauke miki rantsuwarki. In ya zo miki da tambaya, ki gaya masa duka, har da rabin da ba ki sani ba.

Yaya Sagir, in ka kawo nan ka riga ka gane. Ni ce na jawo muku wannan gaggawar, kuma ba don na ƙi ku ba. Duk kiran da ka yi min ta katanga kai wasa kake yi, ni ban taɓa ɗaukarsa wasa ba. Ba na cewa ka zaɓe ni. Wataƙila ita kake so, wataƙila ba ka son kowa. Amma an tambaye ka alhali ba ka san komai ba, ka ce duk abin da manya suka yanke. Yanzu ka sani. Kafin Jumma'a ka faɗi naka da bakinka. In ita ce, zan zo in yi wanke-wanken bikin, kar dai ka tsokane ni ranar.

Yaya Ummi, na ji tsayuwar babur a ƙofar Gwaggo. Ga sallamarsa nan, shi ne da kansa. In na sake karanta takardar nan na san murhu zan kai ta. Don haka ba zan karanta ba. Bari in sa hijabi.

Khairiyya.